Rabon Aiki Ga Maɓallai: Yadda Dijen Suleja Ke Horar Da Na'urarsa

Wanda duk ya zauna a Suleja, ko da na ɗan lokaci ne, ya san cewa daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi da wuya mutum ya ratsa unguwa biyu ko uku, tun daga cikin gari har zuwa Kwamba da Maje da Madalla, bai iske an kafa rumfuna, an jera kujeru, an girke manyan lasifikoki hagu da dama, ga kuma wani saurayi tsaye bayan tebur, gabansa kwamfuta da wani faffaɗan akwati mai faifai biyu da maɓallai masu walƙiya ba. Saurayin nan shi ake kira dije, akwatin kuwa shi ne kwantirola, watau na'urar da yake sarrafa kiɗa da ita. Galibin mahalarta biki suna zaton aikinsa bai wuce ya danna waƙa ta tashi, in ta ƙare ya danna wata ba, alhali kuwa a ƙarƙashin yatsun nan nasa akwai wani fanni na ilmi wanda ko cikin ma'abota sana'ar ba kowa ne ya tsaya ya fahimce shi ba, shi ne raba wa maɓallan na'ura ayyukansu, abin da masu sana'ar ke ce wa mapin.

Dalilin da ya sa fannin ya cancanci a yi masa sharhi shi ne, waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori a Japan da Jamus da Faransa da Amurka sun tsara su ne bisa bukatar gidajen rawa na ƙasashensu, inda mai kiɗa yakan yi sa'o'i bai ce uffan ba, yana ta saƙa waƙa cikin waƙa. Bikin Suleja kuwa wani sha'ani ne dabam, mai sanarwa da kirari da liƙi da dakatawa don salla. Wanda ya bar na'urarsa yadda ta fito daga kwali, to, zai wuni idonsa na kan allon kwamfuta yana lalube, alhali aikinsa na hakika yana can cikin fili, wurin jama'a.

Na'urar da ba ta kiɗa

Mas'ala ta farko da ya kamata mai karatu ya riƙe ita ce, kwantirola ba ta ɗauke da waƙa ko ɗaya, kuma ba ita ke yin kiɗan ba. Waƙoƙi suna cikin kwamfuta, manhaja ce ke karanta su, tana haɗa su, tana rage su tana ƙara su. Aikin kwantirola iri biyu ne: ta aika wa kwamfuta labarin abin da hannun dije ya taɓa, sa'an nan, a galibinsu, ta karɓi sautin da manhaja ta gama haɗawa ta miƙa shi ga lasifika. Idan dije ya danna maɓallin da aka rubuta wa alamar tashin waƙa, abin da ke bin waya zuwa kwamfuta ɗan gajeren saƙo ne na lambobi, ma'anarsa ba ta wuce cewa maɓalli mai lamba kaza, a kan tasha kaza, an danna shi ba. Na'urar ba ta san mene ne tashin waƙa ba. Manhaja ce za ta duba wani jadawali da ke wurinta, ta ga cewa lamba kaza an ba ta aikin tayar da waƙar ɓangaren hagu, sa'an nan ta zartar. Wannan jadawali shi ne mapin, kuma tun da rubutu ne kawai, ana iya gyara shi.

Mutanen Suleja ba sa bukatar dogon bayani kafin su gane wannan, domin garinsu ya shahara da tsarin sarautun da ya gada daga tsohuwar Zazzau, wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka bayyana cikin littafinsu na tarihin Abuja, kuma Bature M. G. Smith ya yi nazarinsa a littafin da ya fitar a 1960. Mutum dabam, sarauta dabam: wanda aka naɗa Madawaki ko Galadima ko Wambai ko Dallatu, aikin sarautar ne ya hau kansa ranar da aka naɗa shi, ba da shi aka haife shi ba. Haka maɓalli yake. Rubutun da kamfani ya yi a jikinsa naɗin farko ne kurum, mai na'ura yana da ikon ya sauke shi ya ba shi wani muƙami.

Harshen da ake wannan magana da shi tsakanin na'ura da kwamfuta sunansa MIDI, kuma ya girmi galibin samarin da ke cin abinci da shi yau. A farkon shekarun 1980 kowane kamfanin kayan kiɗa na lantarki yana da nasa tsari, kayan wannan ba sa jin maganar na wancan, sai wani Ba'amurke mai suna Dave Smith, mai kamfanin Sequential Circuits, da wani mutumin Japan, Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland, suka ja gaba wajen yin ittifaƙi a kan ƙa'ida guda. A watan Janairun 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa fiyanon kamfanin wannan da na wancan da waya, aka taɓa ɗaya, ɗayan ya amsa. Shekara 30 bayan haka, a 2013, aka ba su biyun lambar girma ta Grammy saboda wannan aiki. Fiyanon da ake kiɗa waƙoƙin finafinan Hausa da shi a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Kaduna, shi ma da wannan harshe yake magana da kwamfuta.

Ƙa'idar tana da sauƙi. Akwai tashoshi 16, domin a rarrabe saƙon ɓangaren hagu da na dama da sauransu. Kowane saƙo yana ɗauke da lambar abin da aka taɓa da kuma gwargwadon taɓawar, wanda ke tsakanin 0 da 127. Maɓalli yakan aika 127 in an danna, 0 in an saki. Majayin ƙarar sauti kuwa yana bin matakan nan 128 ɗaya bayan ɗaya, daga shiru har zuwa ƙarshen ƙara. An fitar da sabon tsari mai faɗi, MIDI 2.0, a 2020, kuma wasu manyan na'urori suna amfani da wata hanya da ake kira HID, amma akasarin kwantirolar da ke hannun matasanmu a kan tsohuwar ƙa'idar nan suke tafiya.

Daga faifan garmaho zuwa kwamfuta

Asalin siffar na'urar, watau faifai biyu da mahaɗi a tsakiya, gado ne daga zamanin faifan garmaho. A ranar 11 ga Agusta 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, wani saurayi ɗan asalin Jamaika da ake kira Kool Herc ya yi kiɗa a wani taron da ya shiga tarihi, kuma shi aka sani da dabarar sa kofi biyu na faifai guda don ya tsawaita gurbin da ganga ke tashi ita kaɗai. Injin juya faifai na Technics SL-1200, wanda ya fito a 1972, shi ya zama abin dogaron masu sana'ar shekaru da yawa, har kamfanin Pioneer ya fito da CDJ-1000 a 2001, mai karanta faifan CD amma ana murza shi da hannu kamar garmaho. Daga nan sai manhajoji suka biyo baya: Traktor daga Balin ta Jamus a 2000, VirtualDJ ta kamfanin Atomix na mutanen Faransa a 2003, Scratch Live ta kamfanin Serato na Niyu Zilan a 2004, rekordbox ta Pioneer a 2009, da kuma Mixxx, wadda aka faro a farkon shekarun 2000, kyauta ce ga kowa, masu sa kai ne ke raya ta. Da aka sami ƙananan kwantirola masu araha, irin su Numark Mixtrack da DDJ-SB3 da DDJ-400 da DDJ-FLX4, waɗanda ke cin wuta daga jikin kwamfuta ta wayar USB, sai sana'ar da a da take bukatar jari mai nauyi ta zo hannun mai ƙaramin ƙarfi.

Duk tsawon wannan tarihi, abin da maƙera suka sa gaba shi ne kiɗa mai bugu huɗu-huɗu, wanda inji ya buga, saurinsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa daga farko har ƙarshe. Saboda haka suka ba manyan wurare a fuskar na'ura ga abin da irin wannan kiɗa ke so: maɓallin daidaita saurin waƙa biyu kai tsaye, da mamurɗan yi wa sauti ado, da faifan karce. Abin da ya shafi magana da jama'a kuwa suka tura shi gefe, ko ma bayan akwati.

Abin da taron Suleja ke nema

Suleja gari ne da tarihi ya tara masa baƙi. Bayan da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin a 1828 a ƙasar Gwari da Koro, aka kira shi Abuja. Da gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sunan ya koma can, tsohon garin kuma aka kira shi Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin, balle bayan da gwamnati ta tare a sabon birnin a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka yi ta kwararowa suna zama a garin, suna zuwa aiki Abuja. Sakamakon haka, dije ɗaya yana iya yin kamun amarya na Hausawa ranar Juma'a, bikin Gwari ko na Nufawa ranar Asabar, taron Yarabawa ko na Ibo ranar Lahadi, wani lokaci ma duk ya same su a rumfa guda, in auren ya haɗa ƙabila biyu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma a nan kiɗan yana sakewa sau da yawa kafin a tashi.

Mu ɗauki yinin biki na Hausawa, mu ga abin da hannun dije ke bukata. Da fari akwai magana. Mai gabatarwa zai kira dangin ango, zai kira ƙawayen uwar amarya, zai yi cigiyar yaro ko ta mai motar da ta tare hanya, kuma kowane karo dole kiɗa ya sunkuya, magana ta wuce, sa'an nan ya ɗago. Wanda bai gyara na'urarsa ba zai yi ta jan majayi sama da ƙasa, wani sa'in ya wuce kima. Wanda ya gyara kuwa ya keɓe maɓalli guda kusa da babban yatsansa, muddin yana danne da shi kiɗa na ƙasa, da ya saki ya koma daidai inda yake.

Na biyu akwai liƙi. Hajiya ta shigo fili, mawaƙi ya zo daidai baitin da ya dace da ita, kuɗi sun fara zuba, to, ba hikima ba ce a bar baitin ya wuce. A nan ake bukatar maɓallin maimaici, wanda zai kama bugu 4 ko 8 ko 16 ya yi ta juya su ba tare da an ji gaɓa ba, da kuma maɓallan alama, waɗanda ke tsallakawa da waƙa kai tsaye zuwa wurin da aka riga aka shaida, kamar farkon amshi. Yawancin ƙananan na'urori suna da maɓallan roba 8 a kowane ɓangare, amma sun raba su tsakanin ayyuka iri-iri, sai an sauya yanayi kafin a kai ga wanda ake so. Mai basira yakan tsayar da su a kan tsari ɗaya: na sama huɗu alamomin waƙa, na ƙasa huɗu kuma maimaici da gajerun sautuka, irin su guɗa da tafi da tambarin sunansa.

Na uku akwai kirari. Tun daga 2020 VirtualDJ ta fito da dabarar raba waƙa nan take zuwa murya dabam, ganga dabam, sauran kayan kiɗa dabam, Serato ma ta bi sahu a ƙarshen 2022. Fa'idar wannan ga bikinmu babba ce, domin ana iya ɗauke muryar mawaƙi a bar kiɗan yana tafiya, maroƙi ko mai gabatarwa ya hau kai ya yi wa amarya kirari da sunan iyayenta da kakanninta. Amma na'urorin da aka ƙera kafin wannan lokaci ba su da maɓallin wannan aiki, sai dai mai ita ya sauke wani daga muƙaminsa ya ba shi. Sharaɗi guda shi ne kwamfutar ta kasance mai ƙarfi, in ba haka ba sauti zai riƙa sarƙewa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi a wurin Musulmi, shi ne kiran salla. Malamai sun yi saɓani tun da daɗewa a kan hukuncin kiɗa, hukumomin Hisba a wasu jihohin Arewa kuma sun sha taƙaita kiɗan dije a wuraren biki. Wannan bahasi ne na ma'abotansa. Abin da ba a saɓa a kansa ba a al'adar garuruwanmu shi ne, da ladan ya ɗaga murya sai kiɗa ya tsaya. Dijen da zai tsayar da ɓangaren hagu, ya koma na dama, sa'an nan ya tuna akwai wani sauti da ke juyawa a ma'ajiyar gajerun sautuka, ya riga ya jawo wa kansa da masu biki zargi. Ladabi shi ne a sami maɓalli ɗaya, a wurin da hannu ba zai taɓa shi bisa kuskure ba, wanda zai yi shiru da kome gaba ɗaya.

Sa'an nan ga mas'alar tsofaffin waƙoƙi. Iyaye mata ba su cika yarda an tashi biki ba a sa musu Barmani Choge ba, dattawa kuma suna son Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Ɗanmaraya Jos. Waɗannan mutane ne suka kaɗa su da hannu, da kalangu da kotso da ƙwarya da kuntigi, saurinsu yana hawa yana sauka gwargwadon zafin wasa, kuma da yawa daga kiɗanmu tafiyarsu uku-uku ce ko shida-shida, alhali manhaja huɗu-huɗu take ƙirga. Saboda haka sau da yawa takan yi kuskuren lissafin saurin waƙar, maɓallin daidaitawa kai tsaye, wanda maƙera suka ba wuri mai daraja, ya zama ba shi da amfani, ko ma ya ɓata. Ya fi kyau a mayar da shi maɓallin ƙwanƙwasa, wanda dije zai riƙa bugawa da yatsa yana bin kalangu har manhaja ta gane saurin, ko kuwa a ba shi aikin sa amsa-kuwwa, domin a rufe waƙar Shata da ita a yanke, a shiga ta Hamisu Breaker ko Ado Gwanja ko Umar M. Shareef ba tare da an cakuɗa su ba.

Yadda ake yin aikin

Usulubin kusan ɗaya ne a dukkan manhajoji. A haɗa na'ura, a buɗe babin saiti, a shiga sashen kwantirola. Kafin a taɓa kome, a kwafi jadawalin kamfani a ajiye, a yi gyara a kan kofi, domin a sami wurin komawa. Daga nan sai a sa manhaja cikin halin koyo, a taɓa maɓallin da ake nufi, ita kuwa za ta nuna lambarsa, sa'an nan a zaɓa masa aiki. Bambancin yana wajen zurfin abin da kowace ta yarda a yi.

VirtualDJ tana da ɗan harshenta na umarni, VDJScript, wanda ake rubutawa da gajerun kalmomi: play_pause yana tayarwa yana tsayarwa, hot_cue 1 yana kai waƙa alama ta farko, loop 8 yana maimaita bugu 8. Da alamar & ake jera umarni biyu ko fiye a kan maɓalli guda, ta yadda wanda ya rubuta deck 1 pause & deck 2 pause ya sami mai tsayar da ɓangarorin biyu tare. Akwai kuma hanyar gindaya sharaɗi, a ce in hali kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Traktor ba ta amfani da rubutu, jerin layuka ne ake cikawa, tana da masu sauya hali guda 8 waɗanda ke ba maɓalli ɗaya fuska da yawa. Serato ta fi tsanani: ƙaramar fitowarta ta kyauta ba ta ba da damar wannan gyara, sai babbar, kuma dole a haɗa ta da na'urar da ta amince da ita. Ita rekordbox tana da nata babin koyo, Mixxx kuwa ta buɗe ƙofa gaba ɗaya, mai farawa ya bi mataimakin koyo, wanda ya yi nisa kuma ya rubuta abin da ya so da harshen JavaScript.

Sai dai wajibi ne a san jinsin abin da ake ba aiki, domin nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Maɓalli yana iya zama mai aiki muddin ana danne da shi, ko kuwa mai kunnawa da dannawa ɗaya, kashewa da ta biyu. Na sunkuyar da kiɗa ya fi dacewa da na farko, na ɗauke murya da na biyu. Mamurɗi kuma iri biyu ne. Akwai mai iyaka, wanda ke faɗin inda yake tsakanin 0 da 127, akwai kuma marar iyaka, irin wanda ake zaɓen waƙa da shi, wanda ba ya faɗin wuri sai dai ya ce an matsa taki ɗaya dama ko hagu. Kamfanoni ba su haɗu a kan lafazi ɗaya ba a nan: wasu na'urori suna aika 1 da 127, wasu 65 da 63. In aka gaya wa manhaja wanda ba shi ba, sai a murɗa kaɗan jerin waƙoƙi ya zarce ƙarshe, ko ya riƙa tafiya da baya.

Majayin sauri shi ma yana da nasa lissafi. In an sa iyakarsa kashi 8 cikin ɗari sama da ƙasa, kamar yadda yake a Technics, aka raba 16 ɗin nan gida 128, kowane taki ya zama kashi 0.125 cikin ɗari, watau bugu 0.15 a minti ga waƙa mai bugu 120. Amma wanda ya faɗaɗa iyakar zuwa kashi 50, don ya haɗa waƙoƙin da saurinsu ya yi nisa da juna, kowane taki nasa ya kusa bugu guda cur a minti, daidaitawa da kunne ta yi wuya ke nan. Shi ya sa na'urori da yawa ke aika saƙo biyu a haɗe ga wannan majayi, matakai su zama 16,384, kuma dole mai gyara ya shaida wa manhaja haka, in ba haka ba rabin saƙon kawai za ta karanta.

Akwai kuma illar mamurɗi mai aiki biyu. In an murɗa shi ƙarshe yana kan aiki na biyu, aka dawo na farko, to, inda hannu ya bar shi da inda manhaja ta sani sun saɓa, da an taɓa sai ƙara ta yi tsalle, jama'a su firgita, lasifika ma tana iya tafiya. Maganinsa shi ne a kunna saitin da ke sa manhaja ta yi biris da mamurɗin har sai ya iso inda ta bar shi. Kada kuma a manta da fitilu: hasken maɓalli saƙo ne da ke komowa daga kwamfuta, in an sauya wa maɓalli aiki ba a sauya wa fitilarsa ba, za ta riƙa ba da shaidar zur cikin duhu. A ƙarshe, a sani cewa ba kowane abu ne a jikin na'ura ke aika saƙo ba. A ƙananan kwantirola da yawa makirufo yana wucewa ne kai tsaye zuwa lasifika bai bi ta kwamfuta ba, don haka mapin ba shi da iko a kan muryar, iyakarsa ya rage kiɗan da ke ƙarƙashinta.

Ƙura, tsufa da haƙƙi

Wata fa'ida da maƙera ba su yi tunaninta ba, amma ta fi kowace kusa da aljihun ɗan Suleja, ita ce ceton na'urar da ta fara gajiya. Da yawa daga kayan nan na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso kasuwar Alaba ta Legas ko shagunan Abuja, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga cikin majayai ta sa su riƙa aika lambobi ba wanda ya taɓa su. Kayan gyara ba kullum ake samu ba. In majayin tsakiya, mai sauya sauti tsakanin ɓangaren hagu da na dama, ya lalace ana gobe biki, mai ilmin mapin sai ya share shi daga jadawali don kada ya yi ɓarna, ya ɗora aikinsa a kan wani mamurɗi da ba a cika bukata ba. In maɓallin tayar da waƙa ya mutu, ya ba ɗaya daga na roba. Hatta allon rubutu na kwamfuta ana iya raba wa haruffansa ayyuka, ya zama abin fita kunya ranar da wayar USB ta yanke ana tsakiyar taro.

Game da manhaja kuwa, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kofe na sata suna yawo a hannun mutane. Ban da haƙƙin masu ita da ke wuyan mai amfani, irin waɗannan ba sa karɓar sabuntawa, sau da yawa ba su san sababbin na'urori ba, kuma ba a da tabbacin abin da aka cusa a cikinsu. Wanda ba shi da halin biyan lasisi yana da mafita ta halal a Mixxx.

Tsakanin taƙlidi da ijtihadi

Bin tsarin kamfani taƙlidi ne, kuma taƙlidi ba aibi ba ne ga mai farawa. Hasali ma wanda bai ƙware a kan asali ba, bai kamata ya yi gaggawar ijtihadi ba. Sai ya yi bukukuwa da dama da na'urar yadda take, yana lura da abu biyu: wane aiki ne ke tilasta masa kai hannu ga kwamfuta, wane maɓalli ne kuma bai taɓa dannawa ba. Na farko shi ne mai neman gurbi, na biyu shi ne gurbin. Sa'an nan ya sauya abu ɗaya, ya gwada shi a gida har hannu ya haddace, kafin ya ƙara wani, kada ya kuskura ya fara gwaji a gaban amaryar mutane. Ya bar manyan rukunai inda duniya ta san su, watau tayar da waƙa da alamar farawa da majayan ƙara, domin wata rana abokin sana'a zai karɓe shi ya je salla ko cin abinci, wata rana kuma shi ne zai tsaya a kan na'urar wani. Ya manna 'yar takarda a kan duk maɓallin da ya sauya, ya fitar da jadawalin ya adana a filashi da cikin wayarsa, ya kuma rubuta shi a littafi da Hausa, domin yaran da ke ɗaukar masa lasifika yau su ne za su gaje shi, kuma ilmin da ya tsaya a kan mutum ɗaya yakan tafi tare da shi.

Ma'aunin da za a gane ko gyaran ya yi kyau ba yawan dabarun da aka cusa ba ne. Makaɗan fada da maroƙan da suka riga dije a wannan fage, abin da ya ɗaukaka su shi ne sanin mutane: su hango wanda ya shigo, su san ɗan wane ne, su san takensa, su juya kiɗa tun bai zauna ba. Wannan aiki bai canza ba don kayan aiki sun canza. Saboda haka dije ya jarraba kansa da wannan: ya rage hasken allon kwamfutarsa, ya yi rabin sa'a yana kiɗa, yana sunkuyar da sauti, yana maimaita baiti, yana ɗauke murya, yana tsayarwa, bai duba allo ba sai wajen zaɓen waƙa. In ya iya, rabon aikin da ya yi ya dace da hannunsa da garinsa. In bai iya ba, ya lura da abin da ya mayar da idonsa kan allo, domin shi ne abu na gaba da zai nema wa maɓalli.